Kwamfuta ta ƙi ganin wayarka? Fara duba kebul

A Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba kasafai ake ganin na'urar karatu irin Kindle ba, waya ce ɗakin karatunmu. Tun da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, muka gane cewa littafin da ke cikin wayarka shi ne naka. Shi ya sa ake zuwa shagon kwamfuta a tura tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

To, ka jona waya, ta kama caji, amma kwamfuta shiru. Kafin ka zargi mai shago, duba kebul ɗinka. Kebul ɗin USB na gaske yana da aƙalla zare huɗu a ciki: biyu na wuta, biyu na bayanai. Wasu masu araha biyun wuta kawai aka sa musu, ko kwana za ka yi ba za su tura shafi ɗaya ba. Ari wani ka gwada.

Idan kebul lafiya, buɗe makullin wayar, ka ja saman allo ƙasa. Android kan zaɓi caji kaɗai, sai ka danna saƙon USB ka zaɓi "File transfer".

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne rigimar manhajoji. Waya ba ta son sauraron biyu a lokaci guda. Idan manhajar tsara littattafai irin Calibre ta riga ta kama wayar, wata manhajar za ta iya cewa ba ta gan ta ba, ko turawar ta tsaya a tsakiya. Haka ma idan manhajar hotuna ta buɗe kanta. Rufe su duka, zare kebul, sake jonawa, ka bar guda ɗaya ta yi aikin. A ganina, a shagon da ake layi, kwafa kai tsaye zuwa "Download" ya fi sauri.

Kada ka fizge kebul kafin turawa ta ƙare, littafin zai ƙi buɗuwa. Kuma ka buɗe shi nan take a gaban mai shago, ka leƙa shafin ƙarshe, kafin ka hau babur zuwa gida.