Kafin a Kwashe Su, a Fara Tambayarsu



Ranar nan na fito sallar asuba cikin sanyin nan, na bi ta wajen Ƙofar Wambai. A bakin rumfunan kasuwa na ga mutane kwance a kan kwali, an lulluɓa da buhu. Na tsaya na gaisa da wani dattijo, na ce, "Baba, lafiya kake kwana a nan?" Ya ce ruwan damina ne ya rushe ɗakin ƙasar da yake haya, ba shi da kuɗin kama wani. Kusa da shi yaro ne da ya gudo daga gida. Can gefe kuma wani bawan Allah ne mai taɓin hankali. Mutum uku, matsala uku, amma mu suna ɗaya muke ba su: mabarata.

Jama'a, nan ne muke kuskure. Da an ce a gyara gari, sai a kawo mota a kwashe kowa. A shekarar 2020, lokacin korona, an loda almajirai an mayar da su jihohinsu. Yau ina tituna? Sun sake cika. Wanda ba a tambayi ciwonsa ba, ta yaya za a ba shi magani?

Kuma wallahi ba wurare muka rasa ba. Akwai gidan gajiyayyu na Shahuci a cikin birni. Akwai gidan Mariri, akwai gidan marayu na Nassarawa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ga Hisba, ga Hukumar Zakka da Hubusi. Abin da ya rage shi ne ƙofa ɗaya da za ta haɗa su.

Shawarata ita ce a fara daga mai unguwa, domin shi ya san wanda yake kwana a masallaci da wanda yake kwana a kango. A Dala, Gwale da Birni, kowane mai unguwa ya samu ma'aikacin jin daɗin jama'a ɗaya da takarda iri ɗaya: daga ina kake, tun yaushe kake waje, kana da dangi, ya lafiyarka? Amsar ce za ta nuna hanya. Marar lafiya asibiti, yaro a nemo iyayensa, tsohuwa marar kowa Shahuci, wanda haya ta kora a biya masa daga zakka. Bayan wata uku a koma a duba shi.

Ƙasar Finland tun 2008 ta ɗauki tsarin fara ba mutum ɗaki kafin a shiga sauran matsalolinsa, kuma masu kwanan titi sun ragu sosai. Mu ma kakanninmu sun san wannan, zauren gida masaukin baƙo ne. Yanzu zaurukan sun koma shaguna.

Tafiyar da ta gina rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo ba za ta gagara nema wa dattijo ɗaki ɗaya ba. Matasanmu da ke bin gida-gida lokacin zaɓe, mu ɗauki biro mu bi rumfa-rumfa, mu kai wa masu unguwanninmu sunayen. Dattijon nan ba shi da katin jam'iyya, amma gobe kiyama za a tambaye mu shi.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.