Zancen Gida da Gona: Wa Gidauniya Take Ba Kuɗi?

Daga Ɗambatta zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dawakin Tofa, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ƙungiyar taimakon kai da kai. Ga ta manoma, ga ta mata masu man gyaɗa, ga ta samari masu yasar rijiya. Da yawa sun rubuta wa wata gidauniya takardar neman taimako, amma shiru. Sai mu ce ai sai mai uwa a gindin murhu. Son kai yana nan, ba mu musa ba. Amma sau da yawa dalilin dabam ne.

Gidauniya dukiya ce da wani ya keɓe domin wani aiki, ya danƙa ta a hannun amintattu. Masu nema sun fi kuɗin yawa, in dambu ya yi yawa kuwa ba ya jin mai. Saboda haka tilas su yi zaɓe, sukan kuwa duba abu huɗu.

Na fari, ko roƙon ya dace da nufin gidauniyar. Bayan yunwar Habasha ta 1984, gidauniyar Nippon ta ƙasar Japan ta ƙudura ƙara amfanin gona a Afirka. Ta ɗauki nauyin shirin Sasakawa a 1986, shirin ya iso Nijeriya a 1992, ya shiga koya wa manoman Kano noman masara da alkama. Kuɗin nan na noma ne. Wanda ya nemi rufin makaranta daga cikinsu ya ɓata takardarsa, kome yoyon ajin.

Na biyu, ko ƙungiyar tana da tsari. Tana da rajista? Tana da asusun banki da sunanta, wanda mutum ɗaya ba ya iya cire kuɗi shi kaɗai? Ina littafin taro, ina rasit? Gama su ma amintattun za a tambaye su lissafi.

Na uku, me masu nema suka kawo. Ko gwamnati ba a ɗauke mata wannan ba. A 2012 gidauniyar Gates ta Amurka da ta Ɗangote suka ƙulla yarjejeniya da Jihar Kano a kan allurar rigakafin yara. Aka buɗe asusu guda, da sharaɗin kowace shekara rabon gidauniyoyin ya ragu, na jiha ya ƙaru, har jiha ta ɗauki kayanta. Watau suna so su tabbata aikin ba zai mutu ran da suka janye ba.

Na huɗu, ko za a ga amfanin da ido. A 2007 gidauniyar Gates ta ba Jami'ar Purdue kuɗi domin yaɗa buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake, wanda yake kashe ƙwari da rashin iska, ba tare da magani ba. Akan ɗaure buhun a gaban jama'ar ƙauye, bayan watanni a kwance shi a gabansu. Irin shaidar da mai bayarwa yake so ke nan.

To, wannan awo yana da aibinsa. Ƙungiyar birni mai akawu da Turanci takan riga ta ƙauye, ko da ta ƙauyen ta fi bukata. Ya kamata amintattu su riƙa fita da ƙafarsu su gani, kada takarda kaɗai ta yi hukunci.

Amma kafin su zo, mu ma da namu aikin. Mu sayi littafi, mu rubuta kowane kobo da ya shiga da wanda ya fita. Mu gama wani ɗan aiki da gayya da karo-karonmu, domin mu sami abin nunawa. Mu roƙi malamin makaranta ko malamin gona ya binciko mana nufin gidauniya tukuna, sa'an nan mu rubuta. Wanda kuma ya zo yana sayar da fom, yana cewa tallafi na tafe, mu tsare aljihunmu.

In kuwa Allah ya sa aka samu, a kashe a kan abin da aka roƙa, a aika da lissafi a kan kari. Ƙungiya ɗaya in ta ci amana, takan rufe wa ƙauyuka goma ƙofa.