Shago a cikin waya: Me ɗan kasuwa zai yi ranar da sabis ya ɗauke?

A yau akwai matan aure da dama a Kano da Kaduna da Gusau waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin hayar shago ba, amma suna ciniki kullum. Mai turaren wuta ta ɗora hoto a sitatus ɗin WhatsApp, kwastoma ta turo kuɗi ta Opay ko Moniepoint, ɗan sahu ya kai kaya har ƙofar gida. Haka ɗan Kantin Kwari yake tura wa abokin cinikinsa na Maraɗi hoton sabuwar shadda tun kafin a kwance dila. Ga kuma matasan da ke zane da rubutu da fassara daga ɗakunansu, suna yi wa mutanen da ba su taɓa gani ido da ido ba aiki.

Wannan sauƙi ya rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai duk wannan kasuwa tana tsaye ne a kan abubuwan da ba sa hannun mai ita, wato sabis da wuta da manhajar wani kamfani da ke Amurka. Abin da ya faru cikin 'yan shekarun nan ya isa ya sa kowane mai sana'a ta waya ya sake lissafi.

Darasin da aka riga aka sha

A watan Satumban 2021 hukumomi suka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane sun riƙa yin tafiya zuwa wani gari don kawai su yi kira ko su tura kuɗi. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter na kusan wata bakwai. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuwa, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cak a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida.

A watan Maris na 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace, lamarin da ya jefa ƙasashen Afirka ta Yamma cikin matsalar intanet, har harkar bankuna ta taɓu. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda babu wutar lantarki, masu cajin waya na bakin titi suka zama sarakuna.

Sannan ga tsada. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi a ba su damar ninkawa. Saƙon tes da ake turawa a naira 4 ya koma naira 6. Kamfanonin sun kafa hujja da tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira. Ga mai sayar da kaya ta waya, wannan daidai yake da ƙarin kuɗin haya.

Ita ma manhajar ba ta da tabbas. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, kuma a 2025 kamfanin ya shaida wa kotu cewa tarar da ake ɗora masa za ta iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Bai rufe ba, amma barazanar kaɗai ta nuna cewa mai shago a Instagram ɗan haya ne, ba shi da ta cewa idan mai gida ya yi fushi.

Kada a zuba komai a kwando ɗaya

Mataki na farko ba ya cin ko sisi: a samu littafi a rubuta sunaye da lambobin manyan kwastomomi, da bashin da ake bin kowa. Wanda duk lissafinsa yana cikin hirar WhatsApp, ranar da aka fizge masa waya a kasuwa ya rasa waya, ya rasa kwastomomi, ya kuma rasa shaidar bashi.

Na biyu shi ne layi biyu na kamfanoni daban-daban. Sau da yawa idan aka yanke wayar wani kamfani wajen aikin titi, na ɗayan yana aiki. A tabbatar dukkan layukan an haɗa su da lambar NIN ta mai su, domin layin da aka yi wa rajista da sunan wani, idan ya ɓata, dawo da shi sai an sha wuya. Layin da aka daɗe ba a taɓa shi ba kuma kamfani na iya sayar wa wani, alhali yana iya kasancewa shi ne ke haɗe da asusun banki.

Yana kuma da kyau a raba lambar kasuwa da ta gida. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, tana ba da damar jera kaya da farashinsu, da saita saƙon da zai amsa wa kwastoma idan mai kaya ba ya kusa. Ga matar da ke sana'a a gida, wannan na rage kiran dare da kan jawo ƙorafi tsakaninta da maigida.

Ɓarawon zamani ba ya fasa ƙofa

Hanyar da aka fi ƙwace WhatsApp ɗin mutane ba ta da wani sirri. Wani zai kira ya ce daga guruf ɗin makaranta ko na ƙungiya yake, za a yi taro, a karanto masa lambobi shida da aka turo. Da zarar an karanta, shi ke nan, ya shige asusun ya fara neman rance daga kwastomomi da sunan mai shi. Maganin shi ne kada a ba kowa waɗannan lambobi, sannan a shiga saitin manhajar a kunna tsaro mai mataki biyu, a saka lambar sirri da adireshin imel.

Haka batun alat na bogi. Saƙon tes ko hoton rasit ba shaida ba ne cewa kuɗi sun shigo. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin da ido kafin a saki kaya, ko da mai sayen ya ce sauri yake.

Wani abin da ke yawan haddasa rigima shi ne ciniki ta saƙon murya. Mutanenmu sun fi sakewa da magana, kuma hakan ya taimaki waɗanda ba su yi boko ba. Amma idan an gama magana, a rubuta a taƙaice: yadi nawa, wane launi, nawa ne kuɗin, wa zai biya kuɗin mota, yaushe kaya za su isa. Ko da ajami ne a rubuta a ɗauki hoto a tura. Ranar da aka samu saɓani, wannan layi biyun ne zai raba gardama.

Masu aiki daga gida

Wanda ke yi wa kamfanin Legas ko na ƙasar waje aiki daga Zariya, jarinsa shi ne cika alƙawari. Mai ba da aiki zai iya yin uzuri sau ɗaya idan an ce wuta ce ko sabis, amma a karo na uku zai nemi wani. Don haka a riƙa gama aiki kwana guda kafin wa'adi, a ajiye kwafinsa a Google Drive, a kuma sanar da wuri idan an hango matsala. A taron Zoom ko Google Meet, kashe kyamara na rage cin data sosai, kuma murya ta fi fita idan sabis ba shi da ƙarfi. Hana WhatsApp sauke bidiyon guruf da kansa ma yana ceton data mai yawa. Ƙaramar sola da fawa-bank kuwa sun zama kayan aiki kamar keken ɗinki ga tela.

Saura na hukuma

Duk dabarar ɗan kasuwa tana da iyaka. Tun da an ƙara kuɗi, haƙƙin mai saye ne ya ga sabis ya inganta, kuma NCC na da lambar kai ƙorafi kyauta, 622, ga wanda ya kai kuka wurin kamfaninsa ba a share masa hawaye ba. A 2024 gwamnati ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Abin da ya rage shi ne a ga an hukunta masu yanke wayoyi da masu satar kayan turakun sabis. Gwamnonin da ke tunanin rufe layuka saboda tsaro kuma su sa a lissafi cewa cikin waɗanda za a rufe wa har da matar da kuɗin cefanenta na gobe ke jiran alat ɗin yau.