Obin ɗinka bai mutu ba, tsinken auna zafin nama ne ke masa ƙarya

Bayan bidiyon da muka yi kan kayan kicin na zamani, tambayar da ta fi yawa ita ce ta obin da ke nuna lambar kuskure ya ƙi tashi, wai akwai matsala a tsinken auna zafin nama. Wasu ma sun ce ba su taɓa amfani da tsinken ba, yana cikin durowa tun ranar da suka tare a gidan, amma obin ya kafe cewa a cire shi. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: galibi matsalar ƙarama ce, kuma kamfanonin da ke ƙera obin ne suke mayar da ita babba, saboda sun ƙi yi wa mai kaya bayani da yaren da zai gane.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don idan ka gane shi, rabin gyaran ya ƙare. Tsinken nan ƙarfe ne mai rami, kamar tsinken tsire amma ya fi kauri. A can bakinsa akwai wata 'yar na'ura da muke kira tamista. Aikinta ɗaya ne: turjiyar da take yi wa lantarki tana canzawa da zafi. A yawancin tsinkayen nama, da zarar zafi ya ƙaru sai turjiyar ta ragu. Waya tana fitowa daga tsinken ta ƙare da filogi irin na babbar lasifikar kunne, wanda ake cusawa a wani soket da ke jikin bangon obin daga ciki. Kwamfutar obin ba ta san nama ba, ba ta san kaza ba. Turjiya kawai take aunawa, ta duba jadawalin da aka saka mata, ta ce maka zafi ya kai kaza.

To ka ga abu uku ne kawai za ta iya gani. Idan lantarki ba ya wucewa sam, sai ta ɗauka ba a sa tsinke ba, ko waya ta tsinke. Idan yana wucewa ba turjiya ko kaɗan, wayoyi sun haɗe ke nan. Idan kuma tsaka-tsaki ne, sai ta ɗauka tsinke yana ciki yana aiki. Nan ne gizo ke saƙa. Soket ɗin yana zaune ne a wurin da tururi da maiƙo da gishiri suke yawo kullum. Idan danshi ko dattin maiƙo ya taru a cikinsa, yana iya buɗe wa lantarki 'yar hanya, sai kwamfuta ta rantse akwai tsinke alhali babu. Obin da yawa kuma ba sa yarda su kunna wutar gashi ta sama ko shirin wanke kai muddin suna zaton tsinke na ciki, domin shirin wanke kai yana kaiwa wajen digiri 480 a ma'aunin Salshiyas, zafin da zai lalata tsinken. Shi ya sa kake ganin obin ya yi yaji a kan abin da ba ka taɓa ba.

Kafin ka kira kowa, ga abin da za ka yi. Na farko, cire tsinken, ka kashe wutar obin daga bireka, ka ba shi kamar minti biyar sannan ka mayar. Wani lokaci kwamfutar ce ta riƙe tsohon kuskure. Na biyu, idan bai tafi ba, sake kashe birekar, ka bari obin ya huce sarai, ka samu audugar goge kunne da ɗan sinadarin goge kayan lantarki irin wanda masu gyaran waya ke amfani da shi, ka share cikin soket ɗin a hankali, ka bar shi ya bushe tsaf. Don Allah kada ka cusa ƙarfe ko ka fesa ruwan wanke obin a ciki, shi ne ma yake jawo matsalar tun farko a gidaje da dama.

Na uku, ka gwada tsinken da mita. Juya ta zuwa awon om, ka ɗora bakunanta biyu a sassan ƙarfe na filogin. A zafin ɗaki za ka ga dubban om masu yawa. Ana yawan samun masu kusan om 50,000, amma kowane kamfani da nasa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne motsinta. Damƙe bakin tsinken a tafin hannunka, ya kamata lambar ta riƙa sauka a hankali. Sai ka lanƙwasa wayar kusa da inda ta shiga ƙarfen, ka kuma yi haka kusa da filogi. Idan lambar tana tsalle ko ta ɓace, wayar ta karye daga ciki, yawanci saboda ƙofa ta sha matse ta. Idan ta tsaya kusa da sifili, ta haɗe. Duk biyun maganinsu sabon tsinke, kuma ka sayi wanda ya dace da lambar samfurin obin ɗinka, don filogi zai iya shiga daidai amma jadawalin turjiyar ya bambanta, ya riƙa ba ka zafin ƙarya.

Na huɗu, idan tsinken ya yi motsi yadda ya kamata, tabbatar da gaskiyarsa. Tsoma bakinsa kawai a ruwan da ya tafasa yanzun nan, ya kamata obin ya nuna kusan digiri 100. Masu zama a gari mai tudu su rage kaɗan, don a Denba ta Amurka ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 95. Kada ruwa ya taɓa mahaɗar waya da ƙarfe, kuma kada ka taɓa jefa tsinken a injin wanke kwanuka.

Idan duk wannan bai yi ba, saura wayar da ke bayan soket ko kuma bod ɗin kansa. A nan nake cewa ka tsaya. Obin na lantarki a Amurka yana kan bolt 240, a Ingila 230, kuma wannan ba wutar wasa ba ce. Mai haya ya sanar da mai gida, mai garanti ya kira kamfani kafin ya kwance ko da noti ɗaya.

Yanzu ga inda nake da ja. Duk abin da na rubuta a sama, kwamfutar obin ta riga ta san rabinsa. Ta san ko layin a buɗe yake ko a haɗe. Obin mai allo mai launi, mai haɗuwa da intanet, mai turo maka saƙo a waya cewa kaza ta gasu, shi ne zai kasa rubuta jimla ɗaya cewa ka share soket ko ka canza tsinke? Sai harafi da lamba, waɗanda ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A gidan da muke haya mu huɗu, mai gyaran da aka turo bai ko fito da mita ba, ya kalli allo ya ce sai an canza bod, kuɗin da ya kira kuwa ya sa mai gida ya fara maganar sayen sabon obin. Soket ne ya cika da maiƙo. Auduga biyu suka gama aikin.

Na san abin da injiniyoyin kamfani za su ce, kuma suna da hujja. Tsinken da ke ƙarya yana da haɗari. Idan ya nuna zafi fiye da na gaskiya, obin zai kashe kansa cikin kaza bai nuna ba, ga yara a gida. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce naman kaza sai ya kai digiri 74 a ciki, niƙaƙƙen nama 71, yankan rago ko sa 63 sannan a bar shi ya huta minti uku. Hukumar abinci ta Ingila tana ba da shawarar digiri 70 na tsawon minti biyu. Ga mu da muke gasa cinyar rago a obin ranar Babbar Sallah saboda ba a yarda mu hura gawayi a bene ba, wannan awon ba ado ba ne. Na yarda obin ya ƙi aiki da tsinken da bai amince da shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya hana ka gasa biredi saboda tsinken da ke cikin durowa. Ƙira mai kyau ita ce ta kashe sashen da ya lalace, ta faɗa maka dalili, ta bar sauran su ci gaba. A aji haka ake koya mana, kuma ba abu ne mai tsada ba a manhaja.

Abin ya wuce kicin ɗin mutum ɗaya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 an tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida. 'Yan uwanmu na Akra sun san Agbogbloshie, sun san inda irin wannan shara ta riƙa ƙarewa da hayaƙin da aka riƙa shaƙa. Dokoki sun fara motsi, amma da rarrafe. Ta Kalifoniya da ta fara aiki a watan Yuli na 2024 ta tilasta wa kamfanoni samar da kayan gyara da takardun bayani na shekara bakwai ga kayan da suka kai dala 100. Ta Ingila ta 2021 ta shafi firji da talabijin da injin wanki, amma ba ta haɗa da obin ba.

Shi ya sa nake ganin mu masu sharhin kayan fasaha mu canza ma'auni. Mun iya yabon allo da manhaja, amma ba ma tambayar yadda na'ura take yi idan ta samu matsala. Kafin ka sayi obin, sauke littafinsa a intanet ka duba ko ya fassara lambobin kuskure, ka duba ko ana sayar da tsinken shi kaɗai. Sannan ka ajiye ƙaramin ma'aunin zafi na hannu a kicin, wanda ba ruwansa da obin, don ka riƙa tabbatarwa da kanka.

Wanda nasa obin yake nuna irin wannan kuskure, ya rubuto mana sunan samfurin da lambar da ta fito da abin da mita ta nuna masa. Za mu tattara su mu yi bidiyo na gaba, mu kwatanta kamfanin da ke yi wa mutane bayani da wanda ke barin su cikin duhu.