Idan Uwar Garke Ta Faɗi

Akwai wata cibiyar koyar da kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi, daura da titin Zariya, inda nake zuwa buga kundina. Kwamfutocin wurin suna aiki da Linux, amma ba a cikinsu rubutun yake kwana ba. Wata guda ce a ƙuryar ɗaki ke riƙe da fayilolin kowa. Ita ce ake kira uwar garke, sauran kuwa sai mu ce da su 'yan garke, tunda daga gare ta suke ɗauka, gare ta suke mayarwa.

Ran nan ina cikin adana babi na uku sai uwar garken ta faɗi. Kwamfutar da nake kai ta tsaya cik, ba gaba ba baya. Ta maƙwabcina ma haka. Shi ya fusata ya kashe tasa, ni kuwa tsoro ya hana ni taɓa kome. Da aka tayar da uwar, sai tawa ta ƙarasa adanawa kamar ba abin da ya faru. Shi kuwa aikin wuninsa ya tafi.

Mai karatu, wannan tsayawar ba lalacewa ba ce, da gangan aka tsara ta. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya ƙago tsarin NFS a 1984, ya gina shi yadda uwar ba ta riƙe tarihin hulɗarta da kowa. Kowace buƙata tana zuwa da cikakken bayaninta. Saboda haka in uwar ta yi shiru, ɗan garke sai ya yi ta maimaita buƙatarsa har ta farfaɗo ta amsa. A fitowa ta huɗu, ta shekarar 2000, an sa uwar tana sane da wanda ya kulle wane fayil, sai aka ware ɗan lokaci bayan ta tashi, yawanci daƙiƙa 90 a Linux, don kowa ya karɓi abin da yake riƙe da shi.

Hanya biyu ake ɗaure ɗa da uwar. Akwai ɗaurin tamau, inda zai jira ko da za a kwana. Akwai ɗaurin talala, inda zai gwada 'yan lokuta, in ba amsa ya ba da labarin kuskure ya wuce. Masu son talala suna da hujja, gama in uwar ba za ta tashi ba har abada, jiran ya zama wahalar banza. Na yarda da su a kan fayilolin da karantawa kawai ake yi.

Amma ga rubutun da ake adanawa, ni dai ina bayan tamau. Wata manhajar ba ta kula da labarin kuskuren, sai marubuci ya tashi da zaton aikinsa ya shiga, alhali rabi ne ya isa. Gara na'urar da za ta tsayar da ni ina gani da wadda za ta sallame ni da ƙarya.

Don haka 'yan'uwa ɗalibai, in allo ya daskare, a fara tambayar lafiyar uwar garke kafin a kai hannu ga makunni. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya sa mu gama lafiya.