Malami Da Uban Yaro

A ƙasar Sule Tankarkar, da sauran ƙasashen Masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa, iyaye da yawa sau uku rak a shekara su ke samun labarin karatun 'ya'yansu na firamare. Shekarar makaranta zango uku ce, ta fara a watan Satumba ta ƙare a Yuli, a ƙarshen kowane zango a ba yaro katin sakamako ya kai gida. Katin nan da Turanci a ke rubuta shi, wanda aka aika wa kuwa sau da yawa manomi ne da ya yi karatun allo, ya iya ajami, amma bai san Turanci ba. Sai ya tambayi yaron na nawa ya zo, yaro ya faɗi abin da ya ga dama, a ajiye kati, magana ta wuce. A ganinmu wannan bai isa a kira shi sanar da iyaye ba.

A dubi yadda shekarar ta ke faɗuwa a wannan yanki. Ana buɗe makaranta daidai lokacin da gero ya nuna, daga nan sai roron wake da cirar gyaɗa da yankan riɗi. Zangon ƙarshe kuma ya kan ci karo da shuka da noman fari. Ga kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, tana jan yara zuwa talla da kora dabbobi. Malami ya kira suna bai ji amsa ba, ya yi alama a rajista, ya yi shiru. Kafin kati ya isa gida a watan Disamba yaro ya yi asarar makonni, 'yan ajinsu sun yi masa nisa, kunya ta hana shi komawa. Haka a ke rasa yara ɗaya bayan ɗaya, ba uban da ya ce ya cire ɗansa, ba malamin da ya ce ya kore shi.

A zamanin En'e, in yaro ya yi fashi, labari ya kan kai ga dagaci, dagaci ya nemi uban. Da aka buɗe ƙofar ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi yawa, wannan igiya ta yi sako-sako. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta ɗora wa iyaye alhakin sa 'ya'yansu makaranta har shekara 9. To, wanda doka ta ɗora wa alhaki, lalle hakkinsa ne a riƙa gaya masa halin da a ke ciki. Abin aiki kuwa yana nan, domin an kakkafa wa makarantu kwamitin kula, inda hedimasta ke zama tare da wakilan iyaye maza da mata da shugabannin gari.

Saboda haka muna ba malamai shawara huɗu. Ta farko, a makon buɗe makaranta hedimasta ya tara iyaye, ya bayyana musu da Hausa ranakun karatu da na hutu da na jarrabawa, a yi shawara kan aikin kaka tun bai zo ba. Ta biyu, yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba, saƙo ya isa ga ubansa cikin makon nan, ko ta hannun mai unguwa, ko ta wayar hannu. Ta uku, a tsakiyar zango a kira uba a nuna masa littafin ɗansa, bayanin malami kuma a rubuta da Hausa, ko da boko ko da ajami. Ta huɗu, kada a manta da iyaye mata. Uwa ce ke ɗora wa yarinya talla da safe, ita ce kuma za ta sauke mata, don haka malama ko matan kwamiti su riƙa shiga gida suna yi mata bayani. Kuma kada saƙon makaranta ya zama na laifi kullum. Yaro ya yi ƙoƙari, a gaya wa gidansu.

Mun sani wani malami zai ce aji ya cika, aiki ya yi masa yawa. Gaskiya ne, shi ya sa muke kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Jigawa a Dutse da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomin nan huɗu su buga katin sakamako da Hausa, su keɓe wa malamai ranar ganawa da iyaye a kowane zango, masu duba makarantu kuma su riƙa tambayar an yi ko ba a yi ba. Su ma iyaye, in an kira su amsa. Mutum ba ya shuka gona ya ƙi zagaya ta sai ranar girbi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Labarin da ya isa gida a makon da yaro ya fara fashi shi ke mai da shi aji.