Ido Ke Ɗaukar Hoto, Ba Akwati Ba

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina. Yanzu samarinmu da yawa sai su ci bashi su sayi kyamara mai tsada, su ce sun zama masu hoto. Ka biya kuɗinka, a miƙo maka hoto tas, har zaren rigarka ana iya ƙirgawa, amma ka duba ka rasa kanka a ciki. Kai ne, amma ba kai ba ne. To, ina amfanin wannan?

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, sabon keken ɗinki ba shi ke yin tela ba.

Ku ji labarin Seydou Keita na Bamako, ƙasar Mali. Ɗan kafinta ne, shi ma kafintan ne. A 1935 aka kawo masa tsarabar wata 'yar kyamara Kodak daga Senegal. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu. Hasken rana ne fitilarsa, zanen gadonsa ne labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane. Saboda tsadar fim, sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum. Watau dole ya tsaya ya dube ka da kyau, ya gyara maka zama, ya san inda zai sa hannunka, ya jira fuskarka ta saki, sa'an nan ya danna. Wanda ba shi da agogo ko rediyo ko babur, ya ara masa. Talaka ya zauna gabansa, ya tashi da hoto kamar na basarake. Wannan aikin ido ne, da ganin girman mutum.

Amma kada wani ya ce ashe koyon aiki ɓata lokaci ne. Ko kusa! Da Keita bai san auna haske da wanke fim ba, da ɗaukar nan guda ɗaya ta zama asara. Kuma don ya adana fina-finansa da kyau, shi ya sa a 1991 aka nuna hotunansa a birnin New York, ko sunansa ba a sa ba, har masu bincike suka bi sawu suka same shi a Bamako. Ya rasu a 2001, duniya ta san shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iya aiki shi ke hana hoto lalacewa, ido kuwa shi ke sa a ajiye shi har jikoki su gani.

Saboda haka, samari, kafin ku ci bashin sabon akwati, ku zauna gaban na gaba da ku ku koyi aikin, ku koyi duban mutane. Ku kuma masu biya, kada ƙyallin kyamara ya ruɗe ku. Ku ce a nuna muku hotunan da aka yi wa wasu, yadda kuke duba ɗinki kafin ku ba tela yadi.